Daddawa, Burukutu Da Ƙwayar Likita

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Kafanchan ko ta Zonkwa ba ya bukatar a nuna masa inda masu daddawa suke zama, domin hancinsa ne zai kai shi. Matan kudancin Jihar Kaduna, musamman na ƙasar Bajju da makwabtansu, sun yi suna wajen yin daddawar waken soya, wadda fatake kan saya su kai biranen Arewa. Tun zamanin Turawa ake noman wannan wake a kewayen Zonkwa, amma a wancan lokaci don a sayar a fita da shi waje ne. Matan ƙauye ne suka gano cewa yana iya maye gurbin kalwa, wadda sai an wuni ana dafa ta, ta cinye damin itace, kafin ɓawonta ya saki. Shi kuwa waken soya, a soya shi sama-sama, a ɓarza, a sheƙe, a dafa, a rufe da ganye kwana biyu ko uku, shi ke nan ya nuna. Ba wani jami'in gona da ya koya musu wannan dabara, tasu ce.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan filin kiwon lafiya da daddawa? Dalili shi ne akwai wani rukuni na magungunan asibiti waɗanda ba sa shiri da abincin da ya ruɓa, ko ya tsima, ko ya daɗe a ajiye. Idan suka haɗu a cikin mutum, jininsa kan iya hawa farat ɗaya, cikin abin da bai kai awa biyu ba, har ya kai matsayin da jijiya za ta iya fashewa a ƙwaƙwalwa. Kamfanonin da suke yin magungunan sun san da haka, sun kuma rubuta gargaɗi a 'yar takardar da ake naɗewa cikin kwali. Sai dai gargaɗin da Turanci yake, kuma abincin da ya lissafa na Turawa ne da mutanen Asiya: tsohon cuku, da naman da aka cusa a hanji aka rataye ya tsima, da kabejin da ya yi tsami, da romon waken soya na Sinawa, da wani abin shafa wa burodi da ake kira Marmite. Mutumin Kagoro ko na Godogodo da zai karanta wannan jeri, in ma ya iya karantawa, zai ninke takardar ya ce babu ruwansa, alhali kuwa 'yan'uwan waɗannan abubuwa suna nan a tukunyar gidansa.

Asalin wannan labari yana da ban mamaki, domin daga ɗakin masu tarin fuka ya faro. A cikin 1952, a asibitin Sea View da ke birnin New York na Amurka, aka gwada wani sabon magani mai suna ifuroniyazid a kan masu tarin fuka. Likitoci suka lura cewa majiyyatan da a da suke kwance sun fid da rai sun koma raha da cin abinci da yawa, har ana cewa wasu sun tashi suna rawa, ko da yake huhunsu bai gama warkewa ba. A shekarar nan kuma wani masani mai suna Albert Zeller ya gano cewa maganin yana kashe ƙarfin wani sinadari na jikin mutum wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, watau MAO. Ya zuwa 1957 sai Dokta Nathan Kline da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa maganin yana ɗaga zuciyar masu ciwon damuwa mai tsanani. Ta haka aka sami ɗaya daga cikin magungunan farko na wannan ciwo a duniya. Shi ifuroniyazid bai daɗe ba, an janye shi a Amurka a 1961 saboda yana lalata hanta, amma ƙannensa sun ci gaba, su ne waɗanda ake sayarwa da sunayen Nardil da Parnate da Marplan.

Ba a jima ba sai aka fara samun masu shan waɗannan ƙwayoyi suna zuwa asibiti da wani irin ciwon kai mai sara kamar ana buga guduma a ƙeya, wasu kuwa har suka rasa rayukansu. Wani matashin likita a asibitin Maudsley na birnin Landan, Barry Blackwell, ya rubuta a kan al'amarin. Sai ga wasiƙa daga wani mai haɗa magunguna yana cewa ya lura matarsa, wadda take shan maganin, ba ta kamuwa da wannan ciwon kai sai in ta ci cuku. Da fari abin dariya ya ba likitocin. Blackwell da wani abokin aikinsa har suka sha maganin da kansu, suka ci cuku, ba abin da ya same su. Amma da aka ci gaba da bin diddigin abin da majiyyata suka ci kafin abin ya faɗa musu, sai maganar mijin nan ta tabbata, Blackwell ya buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1963. A shekarar da ta biyo, 1964, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta janye Parnate daga kasuwa, sa'an nan bayan 'yan watanni ta mayar da shi tare da sharuɗɗa masu tsauri. Abin lura a nan shi ne, ba a ɗakin bincike aka fara gano haɗarin ba, a wurin cin abinci ne, ta idon mutumin da ya kula da abin da iyalinsa suke ci.

Mai laifin a cikin cuku shi ne wani sinadari da ake kira tairamin. Ba baƙo ne ga masana ba, domin tun 1909 Henry Dale da Walter Dixon suka nuna a Ingila cewa yana ɗaga jini, kuma a 1928 wata ɗaliba a jami'ar Kambirij, Mary Hare, ta gano sinadarin jiki da ke rusa shi, wanda shi ne daga baya aka kira MAO. Yadda tairamin ke samuwa kuwa ga shi. Duk abinci mai gina jiki, kamar wake da nama da kifi da madara, yana ɗauke da furotin. Sa'ad da ƙwayoyin bakteriya suka kama aiki a kansa, sukan farfasa furotin ɗin, wasunsu kuma su juya wani ɓangarensa ya zama tairamin. Gwargwadon daɗewar abincin da ɗumin wurin da aka ajiye shi, gwargwadon yawan abin da zai taru. Wuta ba ta kashe shi, saboda haka tafasa miya ko ɗumama ta ba ya rage kome.

Ga mai lafiya wanda ba ya shan irin wannan magani, babu abin tsoro ko kaɗan. Allah ya sanya MAO a bangon hanji da cikin hanta kamar mai gadi a bakin ƙofa, yana rusa tairamin tun kafin ya isa cikin jini, har mutum zai iya cin miligiram ɗari biyu ko fiye a zama ɗaya bai ji kome ba. Amma maganin da ake magana a kai aikinsa shi ne ya ɗaure mai gadin nan. A ƙwaƙwalwa ɗaurewar alheri ce, domin ita ke sa sinadaran da ke ɗaga zuciya su yawaita. A hanji kuwa ƙofa ce aka bari a buɗe. Tairamin ya wuce cikin jini, ya shiga bakin jijiyoyin da ke ba hanyoyin jini umarni, ya koro wani sinadari mai suna noradiranalin da yawa a lokaci guda. Nan take hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta shiga bugu da ƙarfi, jini ya hau. Ga mai shan Nardil ko Parnate, abin da ya kama daga miligiram 6 zuwa 10 yana iya motsa jini, miligiram 25 kuwa yana iya zama haɗari sosai. Awon jinin da aka saba gani ga mai lafiya yana wajen 120 bisa 80, a irin wannan hali kuwa yakan iya zarce 180 bisa 120. Wani abin mamaki shi ne, in ba a ci irin wannan abinci ba, magungunan nan sauke jini suke yi, har mai shan su yakan ji jiri idan ya miƙe tsaye da sauri.

Yanzu sai a dawo gida a duba tukunya. Ƙwayar bakteriyar da ta fi yin aiki wajen nunar da daddawa, ta kalwa ce ko ta soya, ita ce dai wadda Japanawa ke amfani da ita wajen ruɓar da waken soya su yi wani abincinsu da suke kira natto. Aikinta shi ne farfasa furotin, wanda shi ke kawo ɗanɗano da ƙamshin da ake so. Amma a ƙwarya ko kwandon da aka rufe da ganye ba ita kaɗai ke shiga ba, akwai wasu ƙwayoyin da kan biyo ta, su kuwa su ne gwanayen yin tairamin. Abincin waken soya da ya ruɓa yana cikin abubuwan da littattafan likitanci suka hana mai shan waɗannan magunguna, kuma babu dalilin da zai sa a cire daddawar Kafanchan daga wannan hukunci don kawai wanda ya rubuta littafin bai taɓa jin sunanta ba. Gaskiya ne cewa yawa shi ne ma'auni. Ƙulli ɗaya na daddawa a tukunyar miyar kukar da mutum goma za su ci ba daidai yake da wanda aka daka da barkono aka barbaɗa a kwano ɗaya ba. Gaskiya ne kuma cewa ta wannan gida ba ta zama daidai da ta wancan, har ma ta mace ɗaya takan bambanta daga wannan mako zuwa wancan. Wannan rashin tabbas shi ne ainihin matsalar. A Turai, inda masana'antu suka koma amfani da zaɓaɓɓun ƙwayoyi da ɗakunan sanyi, an auna an ga tairamin ɗin cuku da yawa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da na zamanin Blackwell, har likitocin can sun taƙaita jerin abubuwan da suke hanawa. Abin da aka yi a tsakar gida kuwa ba ya zuwa da takardar awo.

Na biyu shi ne burukutu da fito, ga waɗanda addininsu da al'adarsu ba su hana su sha ba, kuma ba ɓoyayyen abu ne ba cewa a ƙauyukan yankin da dama ba a yin gayya ko biki sai da su. An tabbatar cewa giyar kwalba da aka dafa aka toshe tairamin ɗinta kaɗan ne, amma wadda ake ɗura wa mutum daga ganga ko wadda aka haɗa a gida ita ce ta sha jefa masu shan maganin cikin haɗari a ƙasashen waje. Burukutu kuwa a ƙwarya ma ci gaba yake yi da tsima.

Sauran abubuwan ba su da wuyar ganewa. Madarar da aka tatso yau, da kindirmo da nonon da Fulanin Ladduga ke kawowa sabo, ba su cikin abin da ake tsoro. Awara sabuwa ma haka, amma an auna an ga wadda ta yi kwanaki a ajiye takan tara tairamin. Nama da kifi sababbi lafiya lau ne. Hanta kuwa, da naman da ya soma canja wari, da bandar da ba ta bushu sosai ba, da abin da ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke masa ya narke ya sāke daskarewa, su ne abin gudu.

A nan wajibi ne a faɗi wata gaskiya, don kada wannan bayani ya zama sanadin ɓarna. Nardil da Parnate ba su ne magungunan da aka saba bai wa masu ciwon damuwa a asibitocin ƙasar nan ba. Likitocin ƙwaƙwalwa, irin na asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ba sa kai hannu gare su sai in sauran sun gaza, wani lokaci kuma ɗan'uwa ne da ke Ingila ko Amurka yakan aiko da su. Waɗanda aka fi bayarwa su ne amitiriftilin da fuluwoksetin, wanda aka fi sani da sunan Prozac, kuma waɗannan biyu ba su da wannan rigima da daddawa. Mai shan su ya ci miyarsa hankali kwance. Nasu sharaɗin daban ne. Amitiriftilin yakan sa jini ya faɗi idan mutum ya tashi tsaye, musamman tsoho, barasa kuma tana ƙara wa abin ƙarfi tare da kawo magagi, har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wani kuma mai suna benlafaksin yakan ɗaga jini a hankali idan aka ƙara yawansa, saboda haka mai shan sa yana bukatar awo a kai a kai. Abin da ba a so shi ne wanda aka ɗora a kan magani ya ji ƙishin-ƙishin ya watsar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa mutane wajen miliyan 7 ne ke fama da ciwon damuwa a Nijeriya, kuma yankin da ya ga tashin hankalin 1987 da na 1992 da na 2011, da hare-haren da suka biyo baya, ba ya rasa gwauraye da marayu da waɗanda barci ya ƙaurace wa idanunsu. Da ƙyar ake shawo kan irin waɗannan bayin Allah su yarda cewa abin da ke damunsu ciwo ne mai magani, ba hauka ba, ba kuma raunin imani ba. Ba daidai ba ne a ƙara musu wani dalilin guje wa asibiti.

Inda maganar ta fi shafar jama'ar Kafanchan kuwa shi ne inda ta faro, watau tarin fuka. Maganin nan aisoniyazid, wanda malaman asibiti ke kira INH, ɗan'uwan ifuroniyazid ne na jini, kuma yana cikin ƙwayar da galibin masu tarin fuka suke sha har wata shida. Shi ma yana taɓa mai gadin nan, ko da yake ba da ƙarfi ba, yana kuma raunana wani sinadarin da ke rusa histamin, wanda kan taru a kifin teku idan sanyi ya yanke masa. A 1977 likitoci a ƙasar Siri Lanka suka ba da rahoton masu tarin fuka da suka kamu da ciwon kai da bugun zuciya da jan fuska bayan sun ci wani kifin teku, an kuma sami irin haka da cuku a wasu ƙasashe. Abin ba ya faruwa da yawa, kuma galibi yakan lafa da kansa, amma kifin ƙanƙara irin wanda ake kira taitus dangin wancan kifi ne, kowa kuwa ya san irin tafiyar da yake yi daga bakin teku kafin ya iso teburin mai sayarwa. Sai kuma linezolid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a sahun gaba na magungunan tarin fuka mai taurin kai a 2018, ta kuma sa shi cikin haɗin wata shida da ta amince da shi a 2022. Takardarsa ta ce kada mai shan sa ya ci abin da ya kai miligiram 100 na tairamin a zama ɗaya. Wannan iyaka ce mai faɗi, miyar gida ta yau da kullum da wuya ta kai ta, amma wanda zai wuni a gidan burukutu ya haɗa da tsohuwar banda yana wasa da ita. Har ila yau akwai furazolidon, tsohon maganin gudawa, shi ma yana da wannan hali. Mai tarin fuka dai kada ya kuskura ya tsayar da maganinsa saboda wannan bayani, domin haɗarin tsayarwa ya ninka wancan sau da yawa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya gaya wa malamin da ke ba shi magani idan ya ga wata alama bayan cin abinci.

Laifin da ke wuyan ma'aikatan lafiya a nan ba na rashin sani ne ba, domin duk wanda ya ratsa makarantar koyon aikin jinya, har da ta Kafanchan, an karantar da shi wannan babi. Matsalar ita ce an karantar da shi da cuku, ya ci jarrabawa da cuku, sa'an nan ya fito yana duba mutanen da ba su taɓa ganin cukun Turawa ba. Likitan da ya tambayi dattijuwa daga Fadan Kagoma ko tana cin cuku, ta ce a'a, ya rubuta cewa babu matsala, bai yi tambaya ba tukuna. Tambayar ita ce, Mama, da me kike kaɗa miya, kuma Baba yana taɓa ɗan abin ƙwarya? Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta jiha da jami'o'in da ke yankin su ɗauki daddawa da burukutu da banda daga kasuwanni dabam-dabam su auna, su buga 'yar takarda da Hausa, wadda ita ce harshen da ya haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Hausawa a layin asibiti. Aikin bai fi ƙarfin ɗakin bincike ɗaya ba.

Kafin a kai ga haka, wanda aka ɗora a kan Nardil ko Parnate ko Marplan ya sani cewa dokar abincin ba ta ƙarewa ranar da ya sha ƙwayar ƙarshe. Sai ya ƙara mako biyu, domin jiki yana bukatar wannan lokaci kafin ya ƙera sabon mai gadi. Kada kuma ya shiga kemis ya sayi maganin mura mai buɗe hanci, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jini kamar yadda tairamin ke yi, haka nan kada ya kusanci taramol. Wanda za a sauya masa daga Prozac zuwa ɗaya daga cikinsu kuwa sai ya jira mako biyar.

Alamomin da za a kula da su ga su: ciwon kai mai tsanani da ya faro daga ƙeya jim kaɗan bayan cin abinci, da bugun zuciya, da zufa, da sanƙarewar wuya, da tashin zuciya ko amai, wani lokaci da ciwon ƙirji ko gani dishi-dishi. Wanda ya ga haka kada a kwantar da shi a ce maiƙo ne ya taso masa, kada kuma a ɗauko ƙwayar hawan jinin wani a ba shi. Tsohuwar dabarar fasa ƙwayar nifedifin a ƙarƙashin harshe ma likitoci sun daina ba da shawararta, domin takan kā da jini da sauri fiye da kima. A nufi asibiti mafi kusa da shi a zaune, a kuma riƙe kwalin maganin da yake sha a hannu, a gaya wa wanda ya karɓe shi abin da ya ci da lokacin da ya ci.